Lissafin Kwararar Wuta a Dayod da Ragin Matsinsa: Nazari Kan Fitilun LED da Farantan Sola a Ƙasar Zuru

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake lissafa yawan wutar da ke bi ta cikin dayod, da matsin da yake ragewa a lokacin da wutar ke wucewa. An saba koya wa ɗalibai da yaran shago cewa dayod na silikon yana cin bolt 0.7, kamar adadi ne da ba ya motsi. Takardar ta nuna cewa wannan adadi yana hawa da sauka gwargwadon yawan wutar da ke bi da kuma zafin wurin. Ta kawo hanyoyi uku na lissafi, ta gwada su a kan na'urorin da ake amfani da su kullum a ƙasar Zuru, wato fitilun LED da farantan sola masu cajin batir mai bolt 12. Sakamakon ya nuna cewa bolt 0.7 kan wadatar idan matsin batir ya ninka na dayod sau da yawa, amma yana yaudara idan tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwar Zuru, ko ya bi ta Dabai da Mahuta da Ribah da Dirin Daji, zai ga yadda ƙananan kayan wuta masu aiki da batir suka zama ruwan dare. Ga tocila mai caji, ga farantin sola a kan rufin kwano, ga rumfar cajin waya, ga fitilar LED a teburin mai shayi, ga ƙarin fitilun da matasa ke liƙa wa babura. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da dayod, ko dai yana juya wuta, ko yana hana ta komawa baya, ko kuma shi ne ma ke ba da hasken. Yawancinsu suna aiki ne da matsin da bai kai bolt 20 ba, kuma a irin wannan ƙaramin matsi rabin bolt ba abin rainawa ba ne.

Masu gyaran waɗannan kaya sun san aikinsu da hannu, amma ƙorafin da ake yawan ji a bakinsu guda ne: an canza ƙwan fitila, bai jima ba ya sake ƙonewa. Akan ɗora laifin a kan rashin ingancin kaya, kuma wani lokacin haka ne. Sai dai sau da yawa matsalar tana cikin lissafin da aka yi kafin a ɗora dalma. Manufar takardar ita ce ta fito da wannan lissafi fili, ta yadda malamin aji da mai gyara za su iya amfani da shi. Alƙaluman da aka yi aiki da su iri biyu ne: waɗanda kamfanoni ke bugawa a takardun bayanin kayansu, da waɗanda aka ƙaddara domin misali, kuma an bayyana kowanne a wurinsa.

A cikin takardar, kwarara na nufin yawan wutar da ke wucewa, ana auna ta da amfiya (A) ko miliamfiya (mA). Matsi shi ne ƙarfin da ke tura ta, ana auna shi da bolt (V) ko milibolt (mV). Rizisto kuma ana auna turjiyarsa da om (Ω).

2.0 Dayod da Asalinsa

Dayod na gilashi na farko, John Ambrose Fleming ne ya ƙera shi a Ingila a 1904. Wanda muke riƙewa yau ya samo asali ne daga ɗakunan bincike na Bell a Amurka, inda Russell Ohl ya gano a 1940 cewa gutsuren silikon mai ɓangare biyu mabambanta yana barin wuta ta bi gefe guda. A 1949 William Shockley ya buga bayanin lissafin wannan mahaɗa. Ana gauraya ɓangare ɗaya da sinadari irin boron, ɗayan kuma da irin fosfarus, sai wani shinge ya samu a tsakaninsu. Idan aka haɗa batir ta fuskar da ta dace, shingen kan ragu wuta ta wuce, idan aka juya shi kuma sai shingen ya ƙara kauri. Zoben da ake gani a jikin dayod shi ke nuna ƙafar da wuta ke fita.

Ana iya kwatanta shi da bawul ɗin tayar babur, wanda ke barin iska ta shiga ya hana ta fita, kuma sai famfo ya ɗan matsa kafin ta wuce. Wannan ɗan matsin da ake asara shi ake kira ragin matsi. Inda kwatancen ya gaza shi ne, dayod ba ya da wata gaɓa guda da yake buɗewa farat ɗaya. A hankali yake buɗewa, kuma yadda yake buɗewar shi ne jigon wannan nazari.

3.0 Dokar Shockley

Dangantakar kwarara da matsi a dayod ita ce:

I = Is × (e^(V ÷ nVT) − 1)

I ita ce kwarara, V ragin matsi, Is 'yar ƙaramar kwararar da ke ɗiga idan an juya dayod, e kuma 2.718. Harafin n adadi ne tsakanin 1 da 2 a dayod na silikon, ya danganta da ƙirarsa. VT matsi ne da ke tafiya da zafi, kimanin 26 mV ne a zafin ɗaki, ya kan kai 27 mV a maki 40.

Abin lura a nan shi ne V yana zaune ne a matsayin ƙarfin e. A rizisto, bisa dokar Georg Ohm ta 1827, idan matsi ya ninka biyu kwarara ma ninki biyu take yi. A dayod kuwa, ƙarin 60 mV kacal yana ninka kwarara sau goma idan n ya kasance 1, ƙarin 120 mV kuma yana yin haka idan n ya kasance 2. Ta ɗaya fuskar, ko kwarara ta ninka sau dubu, ragin matsi ba zai ƙaru da fiye da sulusin bolt da 'yan kai ba. Daga nan ne bolt 0.7 ya samo karɓuwarsa: tsakiya ce ta wani fili da ya kama daga kusan 0.5 zuwa 1.0.

Shaidar haka tana kan teburin kowane mai gyara. Idan ya juya mitarsa zuwa alamar dayod ya ɗora wayoyin a kan dayod mai lamba 1N4007, abin da yake gani yawanci tsakanin 0.5 ne da 0.6 da 'yan kai, domin mitar tana tura kwarara kaɗan ce, wajen 1 mA. Amma takardar bayanin 1N4007 ta nuna cewa a amfiya 1 ragin zai iya kaiwa bolt 1.1. Dayod ɗin guda ne, kuma duka alƙaluman biyu gaskiya ne. Sauran nau'o'i ma kowanne da filinsa: jamaniyom wajen 0.3, dayod ɗin Schottky daga 0.2 zuwa wajen 0.5, jan ƙwan LED wajen bolt 2, fari da shuɗi kuma wajen bolt 3.

4.0 Hanyoyi Uku na Lissafi

4.1 Ƙaddara tsayayyen adadi

Idan an jera batir da rizisto da dayod, dokar Kirchhoff ta ce matsin batir yana rabuwa ne tsakanin sauran biyun. Saboda haka I = (matsin batir − ragin dayod) ÷ R, inda R ke nufin turjiyar rizisto. A ɗauki batir mai bolt 12 da rizisto mai 1,000 Ω. Da ragin 0.7, kwarara ita ce 11.3 mA. Da ragin ya zama 0.6 za a samu 11.4 mA, da ya zama 0.8 kuma 11.2 mA. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka a nan babu buƙatar wahalar da kai.

Yanzu a sauya batir zuwa mai bolt 1.5, rizisto kuma 10 Ω. Ragin 0.6 zai ba da 90 mA, 0.7 zai ba da 80 mA, 0.8 zai ba da 70 mA. Kuskuren da bai taɓa komai ba a misalin farko ya zama fiye da kashi 12 cikin ɗari a na biyu. Abin da ke hukunci shi ne girman matsin da ya rage wa rizisto bayan dayod ya ɗauki nasa. Idan ragowar tana da yawa, ƙiyasi ya isa. Idan kaɗan ce, dole a matsa zuwa hanya ta biyu.

4.2 Maimaita lissafi

Ba a iya warware dokar Shockley da ta Kirchhoff a tare da aljabara ta yau da kullum, amma ana iya kusantar amsar mataki mataki. Idan an san ragin V1 a kwarara I1, to ragin a wata kwarara shi ne V = V1 + nVT × ln(I ÷ I1). A ƙaddara dayod da ya nuna 0.60 V a 1 mA, mai n = 2, wato nVT = 0.052 V, a saka shi a misalin batir mai bolt 1.5 da 10 Ω.

A fara da 0.7, kwarara ta fito 80 mA. A 80 mA ragin shi ne 0.60 + 0.052 × 4.38 = 0.828 V. A mayar da wannan, kwarara ta zama 67.2 mA. A 67.2 mA ragin shi ne 0.819 V, kwarara ta zama 68.1 mA. Zagaye na gaba bai sauya komai mai muhimmanci ba, don haka amsar ita ce 68 mA a bolt 0.82. Wanda ya tsaya a 0.7 ya zarce gaskiya da kusan kashi 18 cikin ɗari. Kalkuletar da ke cikin kowace wayar hannu ta zamani ta isa yin wannan aiki.

4.3 Awo

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Da batir mai bolt 12, da rizisto uku (10,000 Ω da 1,000 Ω da 100 Ω mai ɗaukar wat 2), da mita guda, ɗalibi zai iya ganin dokar da idonsa. Kowane sauyin rizisto yana ninka kwarara kusan sau goma, daga wajen 1.1 mA zuwa 11 mA zuwa 112 mA, kuma a kowane mataki zai ga ragin ya ƙaru da abin da ke tsakanin 60 da 120 mV. Daga wannan tazara zai fitar da n na dayod ɗin da ke hannunsa. Idan kuma ya kawo ƙarfen dalma mai zafi kusa da jikin dayod ɗin ba tare da ya taɓa shi ba, zai ga lambobin mita suna gangarowa, ya janye ƙarfen su koma sama a hankali.

5.0 Tasirin Zafi

Abin da ɗalibin ya gani yana da adadi sananne: a tsayayyar kwarara, ragin dayod na silikon yana sauka da kimanin 2 mV a kowane maki ɗaya na ƙarin zafi. Kamfanoni kan buga alƙalumansu ne a maki 25. A ƙasar Zuru, zafin watannin Maris da Afrilu kan kusanci maki 40 a inuwa, kuma na'urar da ke cikin rufaffen akwati ƙarƙashin kwano tana wuce haka sosai. Idan aka ƙaddara jikin dayod ya kai maki 65, ragin ya sauka da 80 mV ke nan.

In akwai rizisto mai isasshiyar ragowar matsi, wannan ba ya cutarwa. Haɗarin yana nan ne idan matsi ne aka ɗaure, aka bar kwarara sakaka. Ƙarin maki 10 daidai yake da ƙara wa dayod 20 mV, wanda bisa dokar Shockley zai haɓaka kwarara da kusan rabi idan n = 2, ko ya ninka ta idan n = 1. Ƙarin kwarara yana haifar da ƙarin zafi, ƙarin zafi ya sake janyo kwarara, a haka har abin ya ƙone. Turjiyar da ke cikin jikin dayod ɗin tana ɗan rage saurin wannan hawa, amma ba ta isa a dogara da ita ba.

6.0 Aiwatarwa a Kayan Yau da Kullum

6.1 Fitilar LED a kan batir mai bolt 12

Ƙwan LED dayod ne. Nick Holonyak ya samar da ja a 1962, sannan aikin Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura a kan shuɗi, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2014, shi ya buɗe ƙofar farin da ke haska rumfunanmu. A ɗauki ƙananan ƙwai farare uku a jere, a ƙaddara kowanne yana rage 3.1 V a 20 mA. Jimilla 9.3 V. Mai gyara zai cire wannan daga 12, ya samu 2.7 V, ya zaɓi rizisto mai 150 Ω, kwarara ta zama 18 mA. A takarda komai daidai ne.

Sai dai batirin da ake kira mai bolt 12 ba ya zama a 12. Yayin da sola ko injin babur ke caja shi, yakan hau zuwa wajen 14.4 V. Ragowar ta tashi daga 2.7 zuwa 5.1 V, kwarara kuma ta doshi 34 mA. Matsin batir ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, amma kwarara ta kusan ninkawa. Ƙwan ba zai mutu nan take ba. Zai yi haske fiye da kima, ya dushe a hankali, ya fara ƙyaftawa, daga baya a ga baƙin ɗigo a tsakiyarsa. Gyaran shi ne a yi lissafi da matsi mafi girma: 5.1 ÷ 0.020 = 255 Ω, a zaɓi 270 Ω. Da shi kwarara ba za ta wuce 19 mA ba a lokacin caji, za ta kuma sauka zuwa 10 mA idan batir ya koma 12. Hasken zai ragu da dare, amma fitilar za ta daɗe. Wanda ke son hasken da bai cika sauyawa ba zai iya jera ƙwai biyu da 470 Ω, inda kwarara za ta tsaya tsakanin 12 da 17 mA, sai dai rizisto zai cinye kaso mai yawa na wutar a matsayin zafi.

6.2 Haɗa ƙwai kafaɗa da kafaɗa

Idan aka buɗe yawancin tocilolin araha, za a tarar da ƙwai da dama an haɗa ƙafafunsu wuri guda, rizisto ɗaya ke ciyar da su duka. Babu ƙwai biyu da ragin matsinsu ya zo daidai. Wanda nasa ya fi ƙasa da 'yan milibolt shi zai ja kaso mafi yawa, ya fi zafi, ragin nasa ya ƙara sauka. Idan ya mutu, rabonsa ya koma kan sauran, sai su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka canza ƙwan da ya mutu kaɗai ba ya kawo ƙarshen matsalar. Kowane jeri yana buƙatar nasa rizisto. Wannan hukunci ya shafi al'adar murɗe 1N4007 uku ko huɗu wuri guda da nufin su ɗauki amfiya uku ko huɗu. Ba za su raba kayan daidai ba. Abin da ya dace shi ne dayod guda mai isasshen ƙarfi, kamar 1N5408 mai ɗaukar amfiya 3.

6.3 Dayod tsakanin faranti da batir

A ƙauyuka da yawa akan haɗa farantin sola da batir kai tsaye, a sa dayod a tsakani don kada batir ya zube ta cikin faranti da dare. Faranti mai wat 100 yana ba da wajen 5.5 A a kusan 18 V. Dayod na silikon a wannan kwarara yana rage kusan bolt 1, wato wat 5.5 na zafi a cikin ɗan ƙaramin jiki. Na Schottky mai ragin 0.5 V zai raba wannan biyu.

Da sanyin safiya asarar ba ta taɓa caji sosai, domin akwai rarar matsi tsakanin 18 na faranti da 14.4 na batir. Amma kowane ɗan gida na faranti shi ma dayod ne, kuma dokar 2 mV tana hawa kansa. Faranti mai gida 36 da ya kai maki 65 da tsakar rana ya yi asarar 36 × 0.002 × 40, wato kusan 2.9 V, matsin aikinsa ya sauko zuwa 15.1 V. Batir da dayod na silikon suna neman 15.4 V, sun haura abin da faranti ke bayarwa cikin sauƙi, sai kwarara ta fara raguwa daidai lokacin da batir ke dab da cika. Da Schottky buƙatar 14.9 V ce, tana cikin iyaka. Ga inda rabin bolt ke raba batirin da ya cika da wanda bai cika ba, kafin ma a ƙara asarar siririyar waya mai tsawo. Sai dai Schottky yana da nasa sharaɗi: matsin baya da yake jurewa kaɗan ne (1N5822 bolt 40 ne, alhali 1N5408 bolt 1,000 ne), kuma ɗigarsa ta baya tana ƙaruwa da zafi. Inda kuma akwai kontirolar caji, yawancinsu suna hana komawar wuta da kansu, ƙarin dayod asara ce kawai.

7.0 Shawarwari

Na farko, a riƙa koyar da bolt 0.7 tare da sharaɗinsa, wato a wace kwarara, a wane zafi. Na biyu, makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Zuru, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020, su sanya gwajin rizisto uku cikin darussan farko na lantarki, tunda kayansa ba su da tsada. Na uku, a shirya wa masu gyara da masu ɗaura sola gajerun bita da Hausa da C'lela, a ba su ɗan jadawalin rizisto da aka lissafa a kan 14.4 V. Na huɗu, masu bincike su auna ainihin zafin da farantai da akwatunan wuta ke kaiwa a yankin a bazara da hunturu, domin a maye gurbin maki 65 da aka ƙaddara a nan da adadin da aka auna.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ragin matsin dayod sakamako ne na kwarara da zafi, kuma kwarara ita ce abin da mai haɗa da'ira ya kamata ya ƙayyade. Ta kuma ba da ma'aunin zaɓen hanya: idan ragowar matsin da ke kan rizisto ta ninka rashin tabbas na ragin sau da yawa, tsayayyen adadi ya isa, idan ba haka ba, a maimaita lissafi ko a auna. Misalan fitila da faranti sun tabbatar da cewa yanayin da ƙiyasi ke gazawa, wato ƙaramin matsi da tsananin zafi, shi ne yanayin da kayan wuta ke aiki a ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba. Magidancin da ya tara kuɗin amfanin gona ya sayi faranti da batir ya cancanci a haɗa masa su bisa lissafi mai inganci, kuma koyar da wannan lissafi nauyi ne a kan malamai da masana da ke cikin wannan fanni.